Gaɓa ta Biyar

Tun da shanyewar jiki ta kwantar da Ustaz Tahsin, malamin lissafi a birnin Multan, babban yatsansa kaɗai ke motsi. Yana jin komai, har da likita na cewa hankalinsa ya gushe, a daina yi masa magana.

'Yarsa Rukhsana ta tallafi hannunsa. "Abba, muna yara ka ishe mu da ƙirgen sha biyu-sha biyu a gaɓoɓin yatsu. To, ashirin da tara, wace lamba ke zuwa ƙarshe?"

Sha biyu sau biyu, saura biyar. Yatsan ya ja jiki da ƙyar, ya wuce gaɓoɓi ukun ƙaramin yatsa, ya tsaya a ta biyar.

"Likita," ta ce, "dawo ka gani."