Hannun Gem ɗin Dogo

"Babu irin wannan robar yanzu," in ji Mai Gyara. Yana ta juya hannun gem ɗin, bai ɗago ya kalli 'yar maƙwabcinsa ba. "An daina yin ta tun kina goye."

"Kawu, don Allah ka duba. Tun jiya maɓallin kai duka ya ƙi. Baba ya ce kai kaɗai za ka iya."

"To, zan cigita."

Robar kuwa tana nan a durowa ta biyu, cikin tsohon gwangwanin madara. Ya sani sarai. Sai da ta fita sannan ya tura hannun gem ɗin ƙarƙashin wata matacciyar rediyo.

Shekara talatin da biyar suna katanga ɗaya da Dogo, baban yarinyar, tsohon direban bas. Tun suna samari suke zama gaban talabijin suna gem, kowa da gwaninsa. Dogo na son wasan wata maƙeriya mai guduma, shi kuwa Mai Gyara wasan wani masunci mai ƙugiya. Duniya ta daɗe da mantawa da su biyun.

Bana wani kamfani ya ce zai haɗa jaruman wasanni iri-iri a gem ɗin faɗa guda, ya nemi jama'a su zaɓi tsofaffin da aka bari a baya. Dogo na kwance, ciwon huhu ya ci ƙarfinsa. 'Yarsa ta ɗauke shi a waya, robar iska a hanci, yana cewa, "Ku sa min Maƙeriya kafin in tafi." Kwana biyu bidiyon ya zaga ko'ina.

Daga ƙofar shagonsa Mai Gyara yake ganin motoci na tsayawa. Baƙi da lemo, baƙi da kyamara. Har wani ya zano Maƙeriya aka rataye a kan gadon.

"Sau tara na ta da na'urar gem ɗin nan daga mutuwa," ya ce wa matarsa da ta kawo masa abinci. "Akwai wanda ya tambayi wa ya gyara? Kuma wallahi ko a wasan nasa ni nake cinye shi."

"Malam, da mara lafiya kake kishi?"

"Wa ya ce kishi? Masunci ya fi ta komai. Ƙuri'a goma sha ɗaya ya samu. Uku nawa ne."

Ta kwashe kwanuka tana girgiza kai.

Kwana uku yana cewa yana cigiya. A na huɗu da safe ya ga likita ya fito daga gidan, 'yar ta rako shi tana goge ido da bakin mayafi. Ya buɗe durowar. Minti goma aikin ya ɗauka.

Ɗakin Dogo na warin magani. An jingina Dogo da matasai, ya rame har agogonsa ya zamo zuwa gwiwar hannu.

"Ka samo robar?" Muryar da ƙyar take fita.

"Da wahala."

"Maƙaryaci. Gwangwanin madara. Ni na ba ka gwangwanin."

Mai Gyara ya sunkuya yana jona waya.

"Haushin baƙin nan kake ji?"

"Ba wanda ya ambaci Masunci, Dogo. Ko kai."

"Don wasan banza ne." Dogo ya yi dariya, dariyar ta koma tari, 'yarsa ta tallabe shi. Da ya lafa ya ce, "Kai ma ka samo ciwon huhu, za su zo."

Aka sa masa hannun gem a cinya. Maƙeriya ta fito a allo, ta ɗaga guduma. Dogo ya ɗora babban yatsa a maɓallin, ya danna, ya sake dannawa. Ba ta motsa ba.

"Bai gyaru ba," in ji shi.

Mai Gyara ya karɓa ya taɓa sau ɗaya, gudumar ta sauka. Ya dubi yatsan Dogo, ya dubi 'yar.

"Robar ce sabuwa, tana da tauri," ya ce. "Kawo in lallasa maka ita."

Ya zauna a bakin gadon ya buga. Dogo na ba da umarni da raɗa: "Hagu. Tsalle, kai! Haba, wannan ne mai cinye ni?" Kafin su kai gadar ƙarshe barci ya ɗauke shi, baki a buɗe.

Washegari da hantsi, yana tsaka da narka dalma, ya ji kukan daga bayan katanga. Ya ajiye ƙarfen narka dalmar da zafinsa a kan tebur ya fita. Sai da suka dawo daga maƙabarta ya ga ya ƙona katakon.

Bayan wata biyu kamfanin ya fitar da sunaye. Maƙeriya ta shiga, har da hoton Dogo da godiya a ƙasa. Masunci babu shi. 'Yar ta zo da kwali ta nuna masa a waya.

"Ko a kabari sai da ya cinye ni," in ji Mai Gyara. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da rigarsa.

"Ya ce a kawo maka na'urar, Kawu."

Da ta tafi ya jona ta da wata talabijin da mai ita bai zo karɓa ba. Kiɗan ya tashi. Ya ja kujera, ya ɗauki hannun gem ɗaya. A kusurwar allon rubutu na ta ƙyaftawa, yana jiran ɗan wasa na biyu ya danna.