Jakar Malam Shiru

Yana cikin cire rigar da ta manne masa a baya ya ji takun mutum ya tsaya a bakin ƙofar sito. Ya daskare, hannu ɗaya a cikin riga, ɗaya a waje. Ba a ƙwanƙwasa ba, ba a kuma wuce ba. Inuwar ƙafafu ce kawai a ƙarƙashin ƙofar.

"Waye?" ya ce.

Inuwar ta janye a hankali.

Ya ƙarasa cire rigar, ya dunƙule ta a leda, ya goge hammata da ƙirji da tawul, ya zura wata busasshiya. Sannan ya tsuguna a bayan kwalayen caja, ya fito da ɗan madubi daga jaka. Sabon ƙurji ya fito masa a gefen hanci, ja, yana sheƙi. Gumi ya wanke abin da ya shafa da safe, tabon kumatunsa duk sun bayyana. Ya gyara fuskar da sauri, ya zuge jakar, ya fito.

A kantin wayoyin nan Malam Shiru ake ce masa, don ba ya shiga hira, kuma ko yana magana idonsa na kan kanta. Ya haura talatin da biyar, yana da mata da yara biyu, amma kurajen da aka ce masa na balaga ne sun ƙi sallamarsa. Ya sha magani, ya shafa na kemis, ya shafa na gida, ya daina cin gyaɗa da duk wani abu mai maiƙo. Likitan fata ya ce masa sai haƙuri. Shi kuwa gumi ba ruwansa da sanyi ko zafi. Da zarar an kalle shi, ko an kira sunansa da ƙarfi, sai ya ji ya tsinke masa daga tsakiyar kai.

Da ya dawo kanta, Injiniya mai gyaran waya da Kashiya mai karɓar kuɗi sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Suna ganinsa suka rabu. Kashiya ta kama danna na'urarta, Injiniya ya ɗauki wata waya da ya riga ya gama gyarawa ya shiga jujjuya ta.

Ba yau aka fara ba. Tun farkon mako yake lura da su. Ya shigo, a yi tsit. Ya fita, a ɗora. Jiya ya ɗago kai ya tarar Manaja tana kallonsa ta gilashin ofishinta, ba ta ko ƙifta ido ba. Ya tabbata wani mai saye ne ya kai ƙara. Wataƙila matar nan da ta karɓi waya a hannunsa ta goge ta da gefen mayafinta. Wataƙila an ce yana wari. Ya sunkuyar da kai kamar yana neman wani abu a ƙarƙashin kanta, ya shinshina kafaɗarsa. Bai ji komai ba, amma ai mutum ba ya jin warin kansa.

"Malam Shiru, jakar nan taka kullum sai ƙara ƙiba take yi," in ji Injiniya, yana murmushi. "Me kake ba ta ne? Ka sam mana, mu ma mu yi kumari."

"Kayana ne."

"To ai mun san ba na maƙwabta ba ne."

Kashiya ba ta yi dariya ba. Ta dubi jakar, ta dubi Injiniya, ta mai da kai.

Ya tura jakar da ƙafa can ƙarƙashin kujera. Ya ji sabuwar rigar ta fara laushi a baya.

Wajen azahar wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Abban yara, don Allah ba ka ga hodata ba? Wadda Yaya ta kawo mini. Na birkice ɗakin nan kaf."

"Ni ina ruwana da hoda?"

"Tambaya ce fa kawai. 'Yarka na tsare, tana ta rantse-rantse har da kuka."

"Ki ƙyale ta," ya ce da sauri. "Kar ki dake ta. Hodar za ta fito."

"Ya na ji muryarka haka? Lafiya dai?"

"Aiki ne. Sai na dawo."

Ya kashe wayar, ya ga tafin hannunsa ya bar sawu a bayanta. Yana ɗagowa ya haɗa ido da Injiniya, wanda ya ajiye abin da yake yi yana saurare.

Bayan cin abinci aka cika kantin. Wani dattijo ya tsaya yana ta tambaya a kan wayar da zai saya wa jikarsa, kuma duk tambayar da zai yi sai ya matso da fuskarsa kusa. Malam Shiru yana amsawa yana ja da baya. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne, ya bi wuya. Kafin dattijon ya tafi, rigar ta yi taswira a ƙirji da hammata. Ya jira har Kashiya ta juya baya, ya janyo jakarsa, ya nufi sito.

"Malam."

Manaja ce tsaye a ƙofar ofis, hannuwanta a harɗe.

"Zo mana. Taho da jakar."

Ofishin ƙarami ne, esi yana ta huro sanyi, amma shi kamar an tura shi gidan burodi. Manaja ta kira Injiniya da Kashiya, ta ce a turo ƙofa. Ta zauna, shi ya tsaya rungume da jaka. To, yau dai za a faɗa masa. Za a ce fuskarsa tana korar masu saye, a mai da shi baya wajen ɗaukar kwali, ko a ce ya je ya huta. Ya fara tunanin yadda zai gaya wa matarsa.

"Shekara nawa muna tare ban taɓa samunka da komai ba," in ji Manaja. "Shi ya sa na daɗe ina juya maganar nan. Wayoyi suna ɓacewa a sito. Kwali yana nan a rufe, a buɗe a tarar ba komai a ciki."

Bai gane ba da farko. Ya tsaya yana jiran ta iso kan maganar fuska.

"Kullum kana shiga sito da jaka, ka kulle ƙofa," ta ci gaba. "Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na sa Injiniya ya lura, ya ce har motsin leda yake ji. In na yi maka magana ba ka iya kallona. Yanzu ma dubi yadda kake."

Ya dubi kansa. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa kan jakar.

"Ranki ya daɗe, ni ake zargi da sata?"

"Ban ce ka yi ba. Buɗe jakar kawai, kowa ya huta."

"Kayana ne a ciki."

"To mene ne na ɓoyo?"

Ya ƙara ƙanƙame ta. Wani ɓangare na zuciyarsa ya ce ya ajiye musu makullin sito ya fita abinsa, su ce ɓarawo ne in sun ga dama. Har ya dubi ƙofa. Sai ya tuna Injiniya unguwarsu ɗaya da ƙanin matarsa, kuma kafin magariba labari zai riga shi isa gida.

Ya ɗora jakar a kan tebur, ya zuge.

Manaja ta sa hannu ta fito da ledar farko, ta kwance. Jiƙaƙƙiyar rigar safe ta zubo kan takardunta. Ta janye hannu da sauri, ta goge a siket. Ta fito da tawul, shi ma a jiƙe. Sai riga ta uku a ninke, da hankici har huɗu, da sabulun wanke fuska, da man kuraje da aka matse har ya lanƙwashe, da ƙwayoyin magani, da ɗan madubi mai tsaga. Daga can ƙasa ta zaro wani ɗan gwangwani mai ruwan zinariya. Ta buɗe. Hoda ce, da soson shafawa a ciki.

Injiniya ya saki dariya. "Kai! Malam Shiru! Ashe ana shiru ana aiki. Wace mai sa'ar ce? Wallahi ɗazu na ji madam tana cigiyar hoda a waya."

"Ta madam ɗin ce," in ji Kashiya a hankali. "Ya ɗauka zai kai wa wata."

Manaja ta dube shi, kallon ya canza, amma bai yi kyau ba. Ya ga ya fita daga wani rami zai faɗa wani.

"Ba wata," ya ce. "Ni nake shafawa."

Duk suka zuba wa fuskarsa ido.

"Ni nake shafawa," ya sake cewa. Ya ɗauki hankici ya goge kumatunsa da ƙarfi, ya nuna musu. Farin ƙyallen ya koma ruwan ƙasa. "Tabon nan nake rufewa. In gumi ya wanke, in shiga sito in sake. Rigar ma haka. Ba na so in tsaya gaban mutane kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Shi ke nan abin da nake yi a sito."

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya buɗe baki zai yi wasa, ya fasa.

Manaja ta daɗe tana kallon kayan da ke kan teburinta. Ta rufe gwangwanin, ta tura masa.

"Duk wannan saboda kuraje?" ta ce. "Malam, wa ya taɓa yi maka maganar fuskarka a nan?"

"Ba wanda ya yi."

"To?"

"Ina ganin kuna kallona."

"Muna kallonka mana. Mutum yana ta saɗaɗawa da jaka." Ta sauke numfashi. "Ka yi haƙuri. Na ɗauki alhakinka."

Ya shiga mai da kayansa ɗaya bayan ɗaya. Bai san ko sauƙi yake ji ko kunya ba. Abin da ya sani shi ne fuskarsa a buɗe take, gefe ɗaya da hoda, gefe ɗaya babu, kuma ba wanda ya kau da kai.

"Amma wayoyin nan ba tashi suka yi sama ba," in ji Manaja. "Tunda an fara, a gama. Kowa ya kawo jakarsa."

Injiniya ya zazzage aljihunsa nan take, ya ɗaga hannu sama yana juyi. "Ni ko jaka ba ni da ita, ranki ya daɗe. Talaka ne ni na gaske."

Kashiya ba ta motsa ba. Jakarta tana rataye a kafaɗa, ta danne ta da gwiwar hannu.

"Sai ke," in ji Manaja.

"Anti, kayan mata ne a ciki."

"Ni ma ai mace ce."

Gumi ya tsattsafo a saman leɓen Kashiya, ya taru a goshinta ƙarƙashin ɗankwali. Idonta ya koma ƙasa. Injiniya ya daina murmushi, ya zuba mata ido. Malam Shiru ma ya tsinci kansa yana kallonta, tun daga goshin har hannun da ke damƙe da igiyar jaka, zuciyarsa tana cewa ita ce, wallahi ita ce. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta sake sunkuyawa.

Ya rataya jakarsa.

"Ranki ya daɗe, bari mu ba ku wuri," ya ce. "An bar kanta ba kowa."

Ya kama hannun Injiniya ya ja shi waje, ya janyo ƙofar har ta rufu. Injiniya yana ta waiwaye, yana neman leƙawa ta gilashi. Malam Shiru ya tsaya a tsakaninsa da gilashin.

"Ita ce," Injiniya ya raɗa masa. "Na rantse ita ce. Ka ga gumin da take yi kuwa?"

"Zafi ake yi."

"Wane zafi? Esi fa a kunne yake."

"Na sani," in ji Malam Shiru.

Wata mata ta turo ƙofar kanti da waya a hannu, tana neman wanda za ta yi wa magana. Ya ajiye jakar a kan kujera, ya nufe ta da rigarsa a jiƙe.