Farin Rumaisa

Rumaisa ta miƙa hannu cikin kwanon tuwon biki ke nan, sai gwaggonta Fatsuma ta janye kwanon da sauri.

"Hadijatu, zuba ma ɗiyakki nata daban. Abin ga shina kama yara."

Kirci ba ya kama kowa, Hadijatu ta sani sarai. Tun Rumaisa tana goye yake cin wuyanta da bayan gwiwoyinta, kuma ko uwar da ke goyon bai taɓa ba. Wata ma'aikaciyar asibiti a Gwandu ta gaya mata sai haƙuri: wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, ban da sabulu mai ƙamshi, man kaɗe safe da yamma, a riƙa yanke farce. Haka take yi. Ya lafa, ya taso, ya sake lafawa. Amma ranar nan a Kalgo, da ta hango 'yarta a bayan rumbu tana cin tuwo ita kaɗai, ɗaya hannun yana susa, haƙurin ya ƙare mata.

Wata dillaliya da ta zo bikin da jakar mayuka ta matso kusa.

"Man kaɗe? Haba, ƙanwata! Ga haɗi. Kahin Juma'a ki ba ni labari."

Robar ba suna, ba rubutu. Hadijatu ta ƙulle ta a bakin zane.

* * *

Haɗin ya yi aiki kamar yankan wuƙa. Susa ta tsaya, fata ta yi sumul, sannan ta fara haske. Matan garinsu, Malisa, da ke kiran 'ya'yansu in Rumaisa ta fito, su ne yanzu ke ɗaga ta sama.

"Tubarkalla! Ashe hwara ta!"

Hadijatu ta tura kaskon man kaɗe ƙarƙashin gado, ta koma shafa wa Rumaisa haɗin har fuska. Duk ranar da ya ƙare, kircin sai ya dawo da fushi, sai ta aika Kalgo a ƙaro. Kafin damina, jijiyoyi sun fito raɗau a kumatun yarinyar. Rana kaɗan ta ƙona ta, riga kaɗan ta saɓule mata fata.

Da suka koma asibiti, ma'aikaciyar ta shinshina robar, ta duba kumatun Rumaisa.

"Da man bilicin a ciki. Hwatar ta mutu da yawa, Hadijatu. Wani tabon ba shi tahiya."

* * *

Hadijatu ta jawo kaskon man kaɗen daga ƙarƙashin gado, ta share yanar gizon da ke bakinsa. Rumaisa tana zaune a tabarma ba riga, ta ware hannuwa don kada su taɓa jikinta.

"Inna, in na koma baƙa, za su bari in ci da su?"

Hadijatu ta lakato man. Man ya narke a tafinta yana bin yatsu, tana ta duban jikin 'yarta, tana neman inda za ta taɓa ba tare da yarinyar ta yi kuka ba.