Akwatin Wutar Baba a Ƙofar Masallaci

Ni dai tun farko na ce wa Junaid kada mu ɗauki akwatin nan ranar Juma'a, amma ƙanen nan nawa idan ya kafe sai dai a ƙyale shi. Wai ranar ce kaɗai yake tashi daga ofis da wuri. Ka ji fa, kamar shi kaɗai ne ma'aikacin gwamnati a duk Sakkwato.

Akwatin na Babanmu ne, Muntari Mai Wuta, Allah ya jiƙansa. A zamanin da ake wasan kwaikwayo a kan dandali, mutane su cika zaure suna kallo, shi ne mai zama can baya cikin duhu yana sarrafa fitilu. Akwatin ƙarfe ne ruwan toka, ya kai firji idan an kwantar da shi. A samansa akwai hannaye jere masu kan baƙar roba, ana tura su sama haske ya ƙaru, a jawo su ƙasa ya dushe. Akwai wasu idanu na gilashi masu allura a ciki, ga kuma wayoyi masu kauri suna fitowa ta baya. Tun ina ƙarama Baba yake ɗora ni a cinyarsa ya kama hannuna. "Wanga asuba ne, Habiba," in ji shi, "wanga hantsi, wanga kuma magariba. A hankali aka tura shi, rana ba ta hitowa da gudu."

Gidanmu gidan malamai ne, kuma baffanninmu ba su taɓa yafe wa Baba wannan sana'a ba. Junaid ya sha tsokana a makarantar allo, ana ce masa ɗan mai wasa, har ya tsani akwatin kamar shi ya zage shi. Bai taɓa sa masa hannu ba. Ni kuwa Baba ya kira ni a ciwonsa na ƙarshe, ya ce, "Kada ki bari 'yan gwangwan su sa mai guduma." Na ce masa to. Alƙawarin ke nan, kuma shi ya hana ni sukuni.

Da aka raba gado aka sayar da gidanmu na Gidan Dahala, wanda ya saya ya ce a kwashe masa tarkace. Tarkace! Gidan mijina haya ne, ko tabarma sai an naɗe kafin a buɗe ƙofa. Na yi ta yawo ina neman mai so. Wani mai ɗakin biki ya yi mini dariya, ya nuna mini 'yar kwamfutarsa ya ce duk fitilunsa a ciki suke. Junaid kuwa kullum maganarsa ɗaya ce.

"Adda, a kira 'yan gwangwan mu huta. Mi za ki yi da mataccen ƙarhe?"

Daga ƙarshe Allah ya haɗa ni da Abdulshakur, wani ɗalibi da ke jagorantar 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo. Suna da ɗakin haya a Kwalkwalawa, ya ce suna so, za su goge shi su koya wa junansu yadda ake aiki da shi a da. Na kusa yin kuka a waya.

Akwatin ya ƙi shiga but ɗin motar Junaid sai rabi. Aka ɗaure murfin da igiya, wayoyin suna reto a waje. Ni da kaina na ɗauko tsohon bargon Baba na lulluɓe shi, don kada rana ta fasa gilasan. Junaid yana ta tsaki yana duba sararin sama, wai na sa shi zai rasa Juma'a.

Ai kuwa mun makara. Muna kan hanyar Kwalkwalawa muka ji lasifikar wani masallacin bakin titi, liman ya gama huɗuba ana ta da iƙama. Sahu ya cika masallaci ya fito har kan kwalta. Ni mace ce, ba zan zauna cikin mota a tsakiyar sahun maza ba, don haka Junaid ya sauke ni can nesa, gindin wata darbejiya inda wata dattijuwa mai suna Hajjo take sayar da fura. Ya ja motar ya tafi ya tsaya daidai ƙarshen sahu.

Ina kallonsa ya fito. Ko ƙofar motar bai rufe ba. Kuma da yake ba shi da alwala, bai nufi sahu ba, sai ya kwasa da gudu ya zagaya bayan masallaci wajen famfo, babbar rigarsa tana tashi.

Wallahi ni a lokacin dariya ma abin ya ba ni. Ban ga abin da wasu suka gani ba sai da na ji ihun. Akwai samari 'yan sintiri da ke tsayawa gadi har a idar da salla, saboda halin da ake ciki, kullum sai an wayi gari da mugun labari daga ƙauyuka. Abin da suka gani shi ne baƙon mutum ya ajiye mota a jikin sahu, da wani abu lulluɓe da wayoyi suna reto, ya bar ƙofa a buɗe ya ruga.

"Bam! Jama'a, bam! Ku tashi!"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban taɓa ganin sahu ya watse ba sai ran nan. Mutane suna ruku'u suka tarwatse, ana taka tsofaffi, ana tsallake yara, wani ya faɗa cikin lambatu, wani ya haye katanga da carbi a hannu. Ƙwaryar furar Hajjo ta kife a ƙafata. Na miƙe ina cewa ba bam ba ne, ba bam ba ne, amma ko ni ban ji muryata ba.

Sai na ga an jawo Junaid daga bayan masallaci. Hannayen rigarsa a naɗe, ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa. Yana ƙoƙarin magana wani ya sauke masa gora a kafaɗa, ya durƙusa. Daga nan ban ƙara ganinsa ba, sai bayan mutane da sanduna suna hawa suna sauka. Ƙanena ne, ni na goya shi, ni na sa shi ɗauko akwatin nan da ba ya so.

Na yunƙura zan ruga wajensa, Hajjo ta riƙe mini hijabi da ƙarfi.

"Ɗiyata, kada ki tahi! In sunka ji ke tare da shi, da ke za su haɗa!"

Gaskiya ta faɗa, kuma na sani. Ko na isa wurin, wa zai saurari mace a cikin wannan hayaniya? Can na ji wata murya ta ce a kawo taya, wata ta ce akwai fetur a wurin mai babur. Wannan kalma ita ta tashe ni. Na fizge hijabina daga hannun Hajjo, amma ban nufi taron ba. Wuri ɗaya ne babu kowa a duk filin, shi ne wajen motar, sai na nufe ta.

Ina tafiya ina taka tabarmi da dardumai da takalman mutane. Rana tana dukan kaina. Ban yi nisa ba aka hango ni.

"Ga wata can! Ga matar! Ita ka tada shi!"

Dutse ya wuce ta gefen kunnena ya fasa gilashin motar. Na biyu ya same ni a baya, sai da numfashina ya tsaya. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na tabbata a nan zan mutu, a kan titi, 'ya'yana suna gida suna jiran in dawo in dafa musu abinci. Amma da na waiga sai na ga sandunan sun tsaya, duk idanu sun dawo kaina, an bar dukan Junaid. To, in haka ne su yi ta kallona.

Na kwance igiyar, na yaye bargon na jefar. Mutane suka ƙara ja da baya, wasu suka kwanta rub da ciki. Na ɗora tafina a kan hannu na farko, wanda robarsa ta suɗe saboda yatsun Baba, na tura shi sama har ƙarshe.

Wata mata ta yi kururuwa daga cikin wani gida. Babu abin da ya faru.

"Wanga asuba ne!" na faɗa da iyakar muryata, ina kuka. Na tura na biyu. "Wanga hantsi! Wanga magariba! Akwatin hitilun wasa ne, na ubanmu ne, ya rasu! Ku diba, ku diba mana!"

Na tura su duka sama, na jawo su duka ƙasa, na kama wayoyin na ɗaga su na nuna ba su haɗe da komai. Na doki ƙarfen da tafin hannuna har ya yi zafi. Da na rasa abin da zan ƙara yi sai na haye na zauna a kansa, ni matar aure, a gaban mazan gari guda, ƙafafuna suna reto kamar na yarinya.

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin lasifika da aka bari a kunne. Sai wani tsoho ya fito daga ƙofar masallaci, rawaninsa ya warware gefe guda. Limamin ne. Mutane suna ce masa Malam kada ka matsa, shi kuwa ya taho a hankali, kuma na ga leɓensa yana motsi da addu'a, shi ma tsoron yake ji.

"Ɗiyar wa ce ke?" ya tambaye ni.

"Ɗiyar Muntari Mai Wuta, Malam, na Gidan Dahala. Wancan da aka duka ƙanena ne. Alwala yat tahi yi."

"Ban san mahaihinki ba," in ji shi. Ya leƙa cikin but ɗin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa yatsa ɗaya, ya tura hannu guda sama da kansa, ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya sauke ajiyar zuciya, ya juya wajen jama'a ya ɗaga murya. "Ku sake bawan Allah nan! Ku sake shi, kun ji kunya!"

Haka aka sake shi. Waɗanda suka fi zaƙewa wajen duka su suka fara sulalewa. Wasu suka ɗauko shi suka kawo gindin darbejiya, Hajjo ta wanke masa fuska da ruwan da take dama fura da shi. Leɓensa ya tsage, haƙori ɗaya ya fita, ido ɗaya ya rufe, rigar Juma'arsa ta zama tsumma. Ana ta sannu, ana ta a yi haƙuri, wani saurayi cikin 'yan sintirin yana tsaye yana hawaye da gorarsa a hannu. Ni ko kallonsu ban yi ba. Liman ya sake ta da salla, Junaid ya bi shi a zaune.

Bayan an ɗinke masa leɓe a wani ƙaramin asibiti, muna cikin mota, wayata ta yi ƙara. Abdulshakur ne. Labari ya riga mu isa Kwalkwalawa, har da hotona a kan akwati. Ya ce mai gidan hayarsu ya rantse in abin nan ya shigo masa gida, su da kayansu a waje za su kwana. Ya yi ta ba ni haƙuri. Na ce ba komai, Allah ya yi albarka, na kashe.

Na dubi Junaid, na dubi jinin da ya bushe a wuyansa, sai na ji akwatin ya fita daga raina gaba ɗaya.

"Junaidu, mu biya ta wurin 'yan gwangwan," na ce. "Na haƙura. Baba zai yahe mini. Da sun kashe ka, mi zan ce wa Inna?"

Ya ta da mota, yana tuƙi da ido ɗaya, iska tana shigowa ta fasasshen gilashi. Muka shigo gari, muka zo daidai layin 'yan gwangwan, ina jin ƙarar gudumarsu, na runtse ido. Motar ba ta tsaya ba. Da na buɗe ido mun kama hanyar Arkilla, unguwar da yake zaune.

A ƙofar gidansa ya kira maƙwabta suka taya shi saukewa. Matarsa Sadiya ta fito, ta ga fuskarsa ta ɗora hannu a ka tana salati, shi kuwa ya ce mata a janye kujerar nan ta falo, ta jikin taga. A nan aka ajiye akwatin, inda duk baƙon da ya shigo sai ya gan shi. Ya sa aka kawo tsumma da ruwa, ya durƙusa da ƙyar yana nishi, ya goge ƙurar da kansa.

Da ya gama sai ya ɗora hannunsa mai kumburi a kan hannayen akwatin, yana lalube kamar mai neman abu cikin duhu. Maganarsa ba ta fita sosai saboda ɗinkin.

"Adda," ya ce, bai ɗago ba, "wanne ne asubar? Ni Baba bai taɓa nuna mini ba. Ya kira ni, na ƙi zuwa."

Na durƙusa kusa da shi, na kama hannunsa na ɗora a kan na farko. Ya tura da ƙarfi, na ce masa a'a, a hankali ake turawa.