Yadin Ciyaman

Saura mako uku zaɓen ƙungiyar telolin Keffi, ciyaman ɗinmu, Alhaji Tanimu, ya raba mana yadin anko, har da ɗansa, wanda shi ma tela ne a ƙungiyar. Shekara huɗu bai kira taro ba, sai yanzu ya tuna da mu!

Mu teloli ba ma mayar da yadi sai mun raba gari da mai shi. Ranar Asabar yadukan mutum arba'in suka dawo shagonsa a ninke, almakashi bai taɓa su ba.

Ni ce sakatariya, sai na same shi a shagon. Na ce, "Alhaji, ka sauka da mutuncinka kafin zaɓe."

Ya harare ni. "Mu'mina, jama'a na tare da ni. Ɗinki ne ya yi musu yawa."

Raina ya ɓaci. Na zaro na saman, na dire masa a gabansa.

"Wannan na ɗanka ne, Alhaji."