Takabar Jummare

Farin shafi ne kawai a fuskar kwamfutar, da wani ɗan zobe yana ta juyawa. Jummare ta zuba masa ido ba ta ko ƙiftawa. Wijdan, ƙanwar mijinta, ita ta jawo ta shagon intanet ɗin nan na bayan kasuwar Gadarif, wai akwai wani kundin sani inda ake rubuta abin da ya faru a yaƙin da ake yi a ƙasar, rana bayan rana.

Wata takwas ke nan da Lawali, mijin Jummare, ya ɗauki lodin riɗi a babbar motarsa ya nufi yamma, bai dawo ba. An ce an ƙona motoci a wata kasuwar ƙauye ranar da ya kamata ya kwana can. An ce kawai. Limamin unguwa kuwa ya ce ba a shiga takaba da an ce, sai an sami wanda ya gani da idonsa. Haka Jummare ta zauna, ita ba matar aure ba, ita ba gwauruwa ba, kullum tana auna tsaba da rabonsa.

"Shabakar ce ta yanke?" in ji Wijdan, tana nufin intanet ɗin.

"Shabaka tamam take, lafiya lau," in ji mai shagon, Abdelrahman, mutumin da bayani ya fi masa abinci daɗi. "Shafin ne ya yi nauyi. Kowane layi da aka rubuta sai an rataya masa shaida, wace jarida ta faɗa, wa ya tabbatar. Sun haura dubu. Na'ura kuma sai ta kinkimo su duka. Bara yana buɗewa nan da nan. Ki yi haƙuri, ya hajja."

Haƙuri dai Jummare ta daina jin ɗanɗanonsa tuntuni, kamar tuwon da aka ci ana zazzaɓi. Ba tsoro take ji ba, ba kuma fata ba.

Kanun shafin ya fito, sannan taswira, rabinta. Rubutun ya riƙa saukowa guntu-guntu. Da Wijdan ta ja ƙasa sai komai ya daskare, ya yi tsalle ya koma sama. Sau uku ana haka. Abdelrahman ya karɓa, ya lallaɓa shi wata bayan wata har suka iso Disamba, watan da Lawali ya tafi.

"Ga shi, Yaya," in ji Wijdan, muryarta ta yi ƙasa. Ta karanta da Larabci, ta mayar da Hausa. Ranar ce, kasuwar ce. Manyan motoci shida sun ƙone, mutum aƙalla goma sha bakwai sun mutu. A ƙarshen layin akwai ƙananan lambobi biyu na shaidun.

"Sunaye fa?" in ji Jummare.

Aka danna lambar farko, aka jira. Jaridar ba ta kawo suna ba. Ta biyun ma an goge ta.

"Malesh, sai haƙuri, ya hajja," in ji Abdelrahman. Karon farko bayani ya ƙare masa.

Wijdan ta fara kuka a hankali cikin mayafinta. Jummare ta dube ta, ta nemi nata hawayen ta rasa. Sai ta ɗora hannu a cinya tana lanƙwasa yatsu. A islamiyya aka koya musu cewa takaba daga ranar mutuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da labari ya iso ba. Wata huɗu da kwana goma. Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu.

"Me kike ƙirgawa, Yaya?"

"In yana cikinsu," in ji Jummare, "na fita takaba tun kafin ruwan fari. Da lallena na yi ta, ban sani ba."

Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce da Wijdan su tafi kafin hadarin nan ya sauko.