Fom ɗin Yaya

Ni nake buga wa ƙungiyarmu allunan zanga-zanga, don sana'ata ke nan. Ina da ɗan shagon buga takardu, inji ɗaya da kwamfuta ɗaya. Tun ranar da aka sa hannu a sabuwar dokar kiwon lafiya ni da 'yan ƙungiyar muke adawa da ita. Dokar ta ce kowa sai ya yi rajista a ƙaramin asibitin unguwarsu, kuma babban asibiti ba zai duba mutum ba sai da takarda daga can. Asibitin unguwarmu kuwa likita ɗaya ne da benci huɗu.

Yayata, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana da ciwon sukari. Wata safiya ta shigo shagon tana ɗingishi, ta ajiye fom ɗin rajista a kan tebur. Ta riga ta cike shi da hannunta.

"Auta, kai ke da babur. Miƙa mini wannan."

"Haba Yaya, har da ke? Dokar da ba za ta kai watan gobe ba?"

"Ni dai ka miƙa. Siyasarku ba ta san ciwon ƙafata ba."

Na ce to. Tana fita na cusa shi ƙarƙashin tulin takardu. Ba mantuwa na yi ba. Ba na son 'yan ƙungiya su gan ni a layin rajista, ni da na yini ina buga "BA ZA MU YI RAJISTA BA". Duk lokacin da ta tambaya sai in ce na miƙa, katin ne bai fito ba.

Bayan wata biyu gyambon ƙafarta ya yi baƙi. Muka kai ta babban asibiti, ma'aikacin da ke karɓar marasa lafiya ya duba kwamfuta ya ce babu sunanta. Kwana huɗu muna kai da komo kafin likita ya gan ta. Aka yanke mata yatsun ƙafa biyu.

Shugaban ƙungiyarmu, wani tsohon direban motar asibiti, ya zo duba ta. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya ce, "Ranar Asabar kai za ka yi magana a wurin zanga-zanga. Mutane su ji daga bakin wanda abin ya shafa."

Ranar Asabar na hau teburi a filin makaranta, aka miƙo mini lasifika. Na ce Yayata ta yi rajista, su ne suka ɓatar da sunanta. Na yi kuka, kuma kukan na gaske ne. Fili ya ɗauki ihu. Ina saukowa wata 'yar jarida ta tare ni, ta ce tana son ganin mara lafiyar. Na rasa dalilin da zan hana ta.

Mun tarar da Yaya zaune a gado, ƙafar a naɗe da bandeji bisa matashi. 'Yar jaridar ta gaishe ta, ta kunna rikoda.

"Mama, wace rana kika yi rajista? Wa ya karɓi fom ɗin a hannunki?"

Yaya ta dube ni. Ni kuwa na kafa wa silifas ɗinta ido.

"'Yar nan, ban yi rajista ba," in ji ta. "Na cike fom ɗin, na ajiye, na manta. Tsufa ne. Ƙanena bai sani ba, shi ya sa ya faɗi haka. Amma ki rubuta wannan: da mutumin nan ya dubi ƙafata kafin ya dubi kwamfutarsa, da yatsuna suna nan. Dokar da ta hana shi kallon ƙafa, a gyara ta."

Bayan baƙuwar ta tafi na durƙusa gaban gadon.

"Tashi, Auta. Tun ranar da aka ce babu sunana na ga fuskarka. Miƙo mini ruwa."

Washegari na je na faɗa wa Shugaba gaskiya. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce in ci gaba da buga alluna, amma kada in ƙara riƙe lasifika. Bai gaya wa kowa ba, ni ma na kasa.

Maganar Yaya ta fito a jarida yadda ta faɗe ta. Har yau ana ta ja-in-ja a kan dokar, kuma har yau ina ganin ba ta yi daidai ba. Maƙwabta kuwa sun sa wa Yaya suna Mantau. In sun shigo gaishe ta sai su ce, "Mantau, yau dai kin tuna kin sha magani?" Ita kuma ta yi ta dariya tare da su. Ni nakan tashi in ce zan je in duba inji.